Mai Fito a Kogin Putumayo

Ni ne Nemesio mai fito.
Shekara talatin da ɗaya ina tsaga kogin nan da inji mai tari.
Na ɗauki ayaba, na ɗauki masu naƙuda, na ɗauki gawa,
an ce alkawari kaya ne,
amma na gwamnati bai taɓa sa jirgina ya nutsa ko da ɗan yatsa ba.

Ranar da Darakta ya zo daga Bogota
da farin takalmi da mai riƙe masa lema,
ya tambaye ni ko akwai kada a ruwan nan.
Na ce, ranka ya daɗe, kadojin sun koma birni,
ofis gare su yanzu.
Ya yi dariya, bai gane ba.

A ajin 'yan firamare aka shimfiɗa takarda.
Ku tumɓuke ganyen koka, in ji shi,
mu ba ku irin koko, mu ba ku gada, mu ba ku asibiti,
kuɗin an ware, an buga hatimi.
Herminia Cuarán ta dangwala yatsa,
ta koma gona ta tuge kadada biyu da hannunta,
abin da ke sa tukunyarta tafasa,
har tafinta ya yi kanta, kantar ta fashe.

Koko ya iso bayan wata goma sha huɗu.
A jirgina ya zo, ni na ƙirga:
tsiro ɗari uku, a takarda dubu uku,
rabi sun bushe tun a tasha.
Na sa hannu? Na sa. Ina da 'ya'ya biyar.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari,
na san rabona a cikin warin nan, ba sai an gaya min ba.

Gada kuwa an gina ta, a jikin allo.
Tana nan bakin gaɓa, shuɗiya, kyakkyawa,
kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta.
Mun ji an yi taro a otal, can bakin teku,
kwana biyar ana kukan manomi da cokali a hannu,
ba a gayyaci manomi ko ɗaya ba.
Mun ji an sayo motoci goma sha biyu masu baƙin gilashi
don yankin da hanyarsa ruwa ce.

Ferney, autan Herminia, ya tafi birni neman aikin gini,
hayaƙin ya kama shi a can.
Ta sayar da alade ta kai shi gidan jinyar masu shaye-shaye,
ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ciyawa har gwiwa,
mai gadi ya ce wata bakwai bai ga albashi ba.
Da aka kama yaron da ƙullin da bai kai farce ba,
an nuna shi a talabijin tsakanin bindigogi shida,
Darakta ya ce an karya lagon masu fataucin ƙwaya.
A daren nan na ga babban jirgi ya wuce shinge ba fitila,
masu tsaro suna kallon taurari.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu Herminia ta sake shuka abin da ta tuge.
Ba ta ɓoye min ba, ni ma ban tambaya ba.
Darakta an ƙara masa girma, ya tafi ƙasar waje.

Jiya sabo ya sauka,
farin takalmi, sabuwar jaka, sabon suna ga tsohon shiri.
Ya zauna a inda wancan ya zauna, ya leƙa ruwa,
ya buɗe baki zai yi tambaya.
Na ja igiyar inji.
Ya yi tari sau uku kafin ya tashi.